Yadda ake sabulun madarar akuya a gida ba tare da madarar ta ƙone ba

Duk wadda ta saba haɗa sabulu da ruwa zalla tana ɗauka na madara ma haka yake, a cire ruwa a sa madara shi ke nan, to ni ma haka na ɗauka kuma na ji a jikina. Ranar farko na auno madarar akuyata fara sol, na juye mata kostik soda gaba ɗaya lokaci guda kamar yadda na saba yi wa ruwa, wallahi kafin in juya sau biyar ta koma ruwan ɗorawa, daga nan ta yi ja-ja kamar tsatsa, ta tsinke ta yi gudaji-gudaji, ga wani zarni da ya turnuƙe ɗakin sai da na fita waje ina tari. Zubarwa na yi, madara ta tafi soda ta tafi.

Abin da ya faru ba wani abin mamaki ba ne idan kin san me ke cikin madarar. Kusan kashi 87 cikin ɗari na madarar akuya ruwa ne, sauran kuma mai ne wajen kashi 4, sai sukarin madara wanda ake ce wa laktos kashi 4 da ɗan ɗoriya, sai furotin kashi 3 da wani abu. Ita kuwa soda da zarar ta shiga ruwa da kanta take tayar da zafi, ba wuta ba komai sai ki ga ruwan ya kai digiri 90 a ma'aunin Salsiyas yana tururi. Ruwa zalla bai damu ba, zai yi zafinsa ya huce. Amma sukarin madara ƙonewa yake a wannan zafin, furotin kuma ya dunƙule ya riƙa fitar da wannan zarnin na amoniya. Saboda haka duk aikin sabulun madara, daga farkonsa har ƙarshensa, faɗa ne da zafi, idan kin riƙe sanyi kin gama rabin aiki.

Kafin mu shiga, dan Allah a gane wace soda nake nufi. Kostik soda ce, wadda sunanta na kimiyya sodiyam haidiroksaid, wani lokaci a jikin buhun ko robar za ki ga an rubuta NaOH. Ba bekin soda ba ce, ba sodar wanki ba ce, ba kanwa ba ce, waɗannan duk ba za su mayar miki da mai sabulu mai tauri ba. Ki nemi mai tsabta, busasshiya, wadda take warwas kamar gishiri ko ɓawo-ɓawo, idan kin ga ta dunƙule ta yi danshi to ta sha iska ƙarfinta ya ragu, awonki ba zai fito daidai ba.

Kuma wannan abar ba ta san wasa ba, tana cin fata tana makantar da ido. Safar hannu ta roba mai kauri, tabarau mai rufe ido har gefe, riga mai dogon hannu, takalmi rufaffe, taga a buɗe, yara kuma a kai su wani wuri gaba ɗaya, ba a ce musu ku matsa can ba. Idan ta fantsamar miki a fata ki sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai gudu na minti 15 zuwa 20, kar ki tsaya neman ruwan tsami ko lemon tsami wai ki kashe ta, ruwa mai yawa shi ne magani. Idan ido ne ki wanke haka ɗin sannan asibiti kai tsaye.

Kayan aiki: sikeli na lantarki mai auna giram, wannan dole ne, sabulu ba a yin sa da kofi ko cokali ko kimanin ido. Sai ma'aunin zafi, bilenda ta hannu irin doguwar nan da ake tsomawa cikin kwano, rariya ta ƙarfen da ba ya tsatsa, cokalin roba mai tauri ko na silikon, da mazubi, wato abin da za ki zuba haɗin sabulun ya daskare a ciki. Kwanon haɗi ya zama sitenles ko roba mai kauri wadda a gindinta za ki ga lamba 5 ko PP. Tukunyar dalma ko alminiyon kam ko kusa, soda tana cin ta, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, kuma sabulun ya yi baƙi. Gilashi ma ban yarda da shi ba don soda tana ɗan cin sa a hankali wata rana sai ki ji ya tsage a hannunki. Kayan nan duk ki ware su na sabulu ne, ba sa komawa kicin.

Ga awon da nake aiki da shi, na mai kilo 1:

man zaitun giram 400
man kwakwa giram 250
manja wanda aka washe, ko kitsen saniya da aka narka aka tace, giram 200
man kaɗe giram 100
man zurma giram 50
kostik soda giram 140
madarar akuya giram 330

Wannan zai ba ki wajen kilo 1 da rabi na haɗi, wato sandar sabulu 12 zuwa 14 gwargwadon yadda kike yankawa. Kowanne a ciki da aikinsa, man kwakwa shi ke kawo kumfa da wanki amma idan ya yi yawa yana busar da fata, manja ko kitse su ke ba shi tauri ya daɗe bai narke ba, zaitun da man kaɗe laushi, man zurma kuma ɗan kaɗan ne amma shi ke riƙe kumfar ta yi yauƙi. Idan kika sa jan manja yadda yake sabulun zai fito ruwan goro, ba laifi ba ne, sai dai farin da kike nema ya tafi.

Ita giram 140 ɗin nan ba daga ka na faɗe ta ba. Kowane mai yana da adadin sodar da yake ci, giram ɗaya na man zaitun yana cin wajen 0.135, man kwakwa 0.183, manja 0.142, man kaɗe da man zurma 0.128 kowanne. Idan kika lissafa duka za ki samu kusan giram 147, sai a rage kashi 5 cikin ɗari don a bar rarar mai da soda ba ta ci ba, shi ke sa sabulun ba ya ɗaurar fata, shi ne ya dawo 140. Kin ga ke nan ba a musanya mai haka kawai. Idan kika ce man kwakwa ya ƙare bari in cike da zaitun kuma kika bar soda a 140, soda ta yi yawa, sabulun zai ci jikin mutum. Duk lokacin da kika canja ko mai ɗaya ki sake lissafi, akwai shafukan intanet irin su SoapCalc da za ki zuba awonki su fitar miki da adadin soda kyauta.

To yanzu madarar. Sabuwa ake so, wadda ba ta fara tsami ba, don tsamin yana cinye wani ɓangare na sodar lissafi ya rikice. Ki tace ta da kyalle mai tsabta saboda gashi da ƙura, ki auna giram 330 cif, sannan ki zuba a abin yin ƙanƙara ko a leda mai zif ki kwantar da ita ta yi faɗi, ki sa a firiza ta kwana ta daskare tauri. Ki auna kafin ki daskarar, kar ki zo kina fama da fasa dutsen madara a kan sikeli. Wasu suna tsoron ƙarnin akuya, gaskiya idan madarar mai tsabta ce ba ya biyo sabulun. Wannan ɗan warin nata daga wasu sinadaran mai yake fitowa, kafuroyik da kafirilik da kafirik, kuma sunayen nan uku duk daga kalmar akuya a Latin aka ciro su. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Michel Chevreul, shi ne a 1823 ya fitar da bayanin abin da ke faruwa idan mai ya haɗu da soda, cewa mai yana rabuwa ne ya zama sabulu da gilisarin, wannan gilisarin ɗin kuma a sabulun gida yana nan a ciki ba a cire shi.

Ranar haɗi ki fara da mai. Ki narka masu daskarewa, kwakwa da manja da kaɗe, a wuta ƙasa-ƙasa, da sun narke ki sauke ki zuba zaitun da zurma a kai su taimaka ya huce. Ki bar shi ya sauko digiri 32 zuwa 35. Mazubinki ma ki shirya shi tun yanzu, idan na katako ne ki shimfiɗa masa takardar gasa kek, idan silikon ne ba ya buƙatar komai.

Nan ne wurin da nake so ki nutsu. Ki juye ƙanƙarar madarar a kwanon haɗi, ki ɗora kwanon a cikin wani babban baho mai ruwa da ƙanƙara. Ki ɗebi soda cokali ɗaya ki barbaɗa a kai ki fara juyawa. Da farko za ki ga kamar ba abin da ke faruwa, ƙanƙarar tana ƙwaram-ƙwaram a kwano soda ta manne a jikinta, to kar ki ƙara, ki ci gaba da juyawa, can za ki ga ruwa ya fara taruwa a ƙasa. Sai ki ƙara wani cokalin. Haka za ki yi ta yi, cokali, juyi, cokali, juyi, abin zai ɗauke ki minti 10 zuwa 15 kuma hannu zai gaji, amma wannan minti goma sha biyar ɗin su ne sabulun. Kullum soda ce ke zuwa kan madara, ba a taɓa zuba madara ko ruwa a kan soda, yana iya tafasowa ya fantsamo miki fuska. Ma'aunin zafi yana ciki kina dubawa, ki riƙe shi ƙasa da digiri 30, idan kin ga yana hawa ki dakata ki bar ƙanƙarar baho ta yi aikinta. Launin zai faɗa miki gaskiya ko ba ma'auni, fari mai ɗan rawaya-rawaya lafiya lau, rawaya sosai kin fara sauri, ruwan lemo kuwa ta ƙone.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, sanyi ma idan ya yi yawa yana da nasa haɗarin. Soda tana iya ƙin narkewa ta kwanta a gindin kwano ta yi ɓawo, idan wannan ya shiga sabulu wata rana wani zai goga a jikinsa ya ƙone. Don haka bayan cokali na ƙarshe ki ƙara juya minti 3 zuwa 5, kina kankarar gindin kwanon da cokali ki ji ko akwai tsakuwa-tsakuwa. Za ki ga madarar ta ɗan yi kauri da ƙananan fararen gudaji suna yawo, kar ki firgita, man da ke cikin madarar ne ya riga ya fara zama sabulu. Ɗan zarni kaɗan ma za ki ji, zai tafi wajen shanya.

Ki ɗora rariya a kan kwanon mai ki tsiyaya madarar ta cikinta, ki danna gudajin da bayan cokali su wuce, duk wani ƙwayar soda da ya tsaya a rariya ki zubar. Sai bilenda. Ki tsoma ta har ƙasa ki ɗan karkata ta iskar da ke ƙarƙashinta ta fita, ki kunna daƙiƙa 5 zuwa 10 ki kashe, ki juya da ita a kashe, ki sake kunnawa. Abin da kike jira shi ne sawu, wato ki ɗaga bilendar ki bar haɗin ya ɗiga a saman, idan layin ya ɗan tsaya ana ganinsa kafin ya nutse to ya kama. Da bilenda minti 3 zuwa 8 ne yawanci, da hannu kuwa sai ki shafe awa ɗaya ko fiye kina juyi musamman da yake zaitun ya yi yawa a ciki. Ki kula, idan madarar ta yi sanyi ƙwarai tana iya daskarar da man kaɗe da manja haɗin ya yi kauri nan take ki ɗauka ya kama alhali bai kama ba, alamarsa za ki ga yana da tsaki-tsaki kuma idan kin ci gaba da juyawa sai ya sake sakewa, to ki ci gaba har ya yi sumul ba maiƙo a gefe.

Turare a nan ake sa shi, giram 20 zuwa 30 ya isa wannan awon, kuma ya zama wanda aka yi don sabulu, mai barasa a ciki yana daskarar da haɗi cikin daƙiƙa ki rasa yadda za ki yi da shi. Duk ƙamshin da ke da banila zai mayar da sabulun ruwan ƙasa komai kula da kika yi. Zuma kuma ni a karon farko ba na ba da shawara, sukari ce a kan sukari, zafi a kan zafi, ki bari sai hannunki ya faɗa, ko a lokacin ƙaramin cokali biyu ya wadatar.

Ki juye a mazubi ki ɗan buga shi a ƙasa kumfar iska ta fito. Sabulun da aka haɗa da ruwa zalla an saba lulluɓe shi da bargo ya yi ɗumi, na madara kam akasin haka, ba bargo ba tawul, firiza ko firij zai shiga na awa 24, a rufe da leda kuma nesa da abinci. Dalili, haɗin yana ci gaba da tayar da zafi a ciki, idan aka bar shi sai tsakiyarsa ta dahu ta yi duhu kamar jel, wani lokaci zafin bai kai gefe ba sai ki yanka ki ga wani baƙin da'ira a tsakiya gefe kuma fari, sabulun yana wanki lafiya amma ba kyan gani. Idan zafin ya yi yawa sosai har tsagewa saman yake ko ya kumburo ya zubo.

Wadda ba ta da firiza fa? Akwai hanya. Ki narka soda giram 140 a ruwa giram 150, kar ruwan ya gaza nauyin sodar don ba za ta narke duka ba, ki rufe ki ajiye inda hannun kowa ba ya kai ta huce sarai, ko da kwana za ta yi. Sai ki zuba madara giram 180 mai sanyi a cikin man ki buga da bilenda, sannan ki kawo ruwan sodar. Madarar ba ta haɗu da soda mai zafi ba ke nan. Ki yi amfani da ƙananan mazubai ɗai-ɗai maimakon babba guda, zafi ya fi saurin fita, ki ajiye a wuri mafi sanyi ko a tire mai ruwan sanyi a ƙarƙashi. Idan garin madarar akuya kika samu, ruwa giram 330 za ki narka sodar da shi, garin kuma wajen giram 40 ki buga shi cikin man sosai kar ya bar gudaji.

Bayan ya fito daga sanyi ki bar shi kwana 2 ko 3 a ɗaki kafin ki cire, sanyin ya rage masa gudu shi ya sa zai yi taushi fiye da wanda kika saba, kuma har yanzu da safar hannu za ki taɓa shi. Ki yanka, ki jera a kan katako ko kwali da tazara tsakaninsu inda iska ke wucewa ba rana ba, kina juya su duk bayan 'yan kwanaki, sati 4 zuwa 6. Na san jiran nan da wuya, ni ma nakan saci guntun gefe in gwada a sati na biyu, amma bambancin a bayyane yake, ɗanye yana narkewa a hannu kamar me, wanda ya ƙosa kuwa ruwan jikinsa ya fita ya yi tauri kumfarsa ta yi laushi. Farar hoda da za ki gani a samansa ba komai ba ce, soda ce ta haɗu da iska, ki goge da jiƙaƙƙen kyalle. Amma idan kin ga sabulun yana farfashewa kamar alli, ko akwai ramuka masu ruwa a ciki, ko fararen ƙwayoyi masu tauri, wannan soda ce ta yi yawa ko ba ta narke ba, kar ya taɓa jikin kowa. Takardar gwajin pH, wato wadda ke auna tsami ko kaifin soda, a kan kumfarsa ya kamata ta nuna 9 zuwa 10.

Tunda na ambaci wannan lambar bari in faɗi wata gaskiya, don ana yawan zuzuta sabulun nan fiye da kima. Za ki ji ana cewa wai daidai yake da fatar mutum, alhali fata wajen 5 take, sabulu kuwa duk na gaskiya 9 zuwa 10 ne ko da madarar me aka yi shi. Ba ya sa fari, ba ya warkar da ƙyasbi ko ƙuraje. Abin da yake yi shi ne sukarin madarar yana ƙara kumfa, man cikinta yana ƙara rarar mai, sai ki samu sabulu mai kumfa mai kauri da santsi wanda ba ya barin jiki yana ja bayan wanka, kuma ni a wurina wannan ya isa dalilin wahalar. Wanda madara ba ta karɓe shi ba ya bar shi, haka mai fata da ta tsattsage ko take da ciwo a buɗe, don likitoci a Ostareliya sun ba da rahoton mutanen da suka riƙa shafa kayan madarar akuya a irin wannan fatar daga baya jikinsu ya daina karɓar madarar ko a baki. Jarirai ma a tambayi likita tukuna.

Kwanukan da kika yi aiki da su kar ki wanke nan take, ki goge da tsohuwar takarda ki ajiye su kwana biyu inda yara ba sa kai, abin da ya manne zai zama sabulu ya wanke kansa. Sabulun da ya ƙosa ki naɗe shi a takarda, leda tana sa shi gumi, ki rubuta ranar da kika haɗa da awon da kika yi a jiki don ki san wanne ya fi miki. Ki yi ƙoƙari ya ƙare cikin shekara guda, idan ya daɗe rarar man nan tana fara lalacewa ki ga ɗigo-ɗigon ruwan lemo a jikinsa da warin tsohon mai. A banɗaki kuma ki ɗora shi a abin da ke tsiyaye ruwa, idan ya kwana cikin ruwa da safe rabinsa za ki tarar.